Balarabe Musa: Me ya sa aka tsige shi, kuma me ya bar wa talaka?

Ɗalibar Samaru ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman ƙarin haske game da marigayi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, gwamnan farar hula na farko a tsohuwar Jihar Kaduna, wanda Allah ya karɓi ransa ranar 11 ga Nuwamba, 2020, yana da shekara 84. Mu da aka haifa bayan zamaninsu, abin da ya iso kunnenmu game da shi bai wuce biyu ba: cewa shi ne gwamna na farko da majalisar dokoki ta taɓa tsigewa a Najeriya, da kuma cewa har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina kiran kansa mai aƙidar gurguzu ba.

Abin da ya shige mini duhu shi ne yadda mutumin da aka tuhuma da laifuffuka har aka raba shi da kujerarsa ya zama shi ne ake buga misali da shi idan ana zancen riƙon amana. Ina kuma so in fahimci yadda Alhaji mai salla da azumi ya haɗa addininsa da gurguzu, alhali mun taso ana gaya mana cewa biyun ba sa jituwa. Sannan na ji wasu manya suna cewa taurin kansa ne ya cuci talakawan da suka zaɓe shi, domin da ya sassauta ya ba 'yan majalisa abin da suke nema, da ya cika shekara huɗunsa yana yi wa jama'a aiki. Ina roƙon waɗanda suka ga zamanin da idonsu, da waɗanda suka yi nazarinsa, su taimaka mana da abin da suka sani.

Dattijon Funtua ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ina cikin waɗanda suka dangwala wa mabuɗi, alamar jam'iyyarsa ta PRP, a zaɓen 1979, lokacin da Katsina da Daura da Funtua duk suna cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina. Maganar doka zan bar wa masana, amma abin da ya sa har gobe idan aka ambaci sunan Balarabe a karkara za ki ji tsofaffi sun ce Allah ya jiƙansa, wannan na gani da idona.

Ba za ki gane mutumin nan ba sai kin gane haraji. Da kaka ta yi, kafin manomi ya gama kai amfanin gonarsa rumbu, mai unguwa zai fara zagaya gida-gida da takardarsa, domin dagaci yana jiran sa, hakimi kuma yana jiran dagaci. Kowane namiji baligi akwai kuɗin da aka yanka masa, ko damina ta yi albarka ko fari ya cinye gonar. Yaro ma da zarar an ga ya fara tasawa sai a rubuta sunansa, nauyin ya hau kan ubansa. Da yake kowa a lokaci ɗaya yake neman kuɗin, sai hatsi ya cika kasuwa farashinsa ya faɗi warwas, masu kuɗi su saya su ɓoye, idan bazara ta yi su sake sayar wa wannan manomin da tsada. Na ga magidanta masu furfura an zaunar da su a rana a ƙofar gidan wani dagaci tun hantsi har la'asar, 'ya'yansu da surukansu suna wucewa suna kallo, ba a sallame su ba sai da matansu suka fitar da akuya ko tasoshin ɗakinsu aka sayar. Da yawa daga cikin masu tafiya cin rani ba don sha'awar birni suke barin gida ba, kuɗin haraji suke nema, kuma a tasha ko a bakin kasuwa ana iya tare mutum a ce ya nuna takardar shaidar biya. Fulani kuwa jangali ne nasu, ana ƙirga shanu kai-kai, shi ya sa da lokacin ƙirga ya gabato za ki ga an kora garke cikin daji da dare.

Tun a kwanakin farko na mulkinsu, a watan Oktoba na 1979, Balarabe a Kaduna da Muhammadu Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Wannan alƙawari ne da aka ɗauko tun daga NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda mutanenta suka sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, saboda irin wannan magana. Abin da soke harajin ya yi ya wuce 'yan kuɗin da suka saura a aljihun manomi. Igiyar da ake jan talaka da ita aka tsinke, domin wanda yake da ikon yanka maka haraji yana da ikon gaya maka jam'iyyar da za ka zaɓa, in ka ƙi kuma baɗi ka ga naka ya ƙaru. Masu sarauta da manyan 'yan siyasa sun gane haka sarai, kuma ina da yaƙinin cewa tun daga ranar aka fara shirya masa abin da ya faru daga baya.

Game da addini, 'yata, mu ba mu taɓa jin wani saɓani ba. Malam Aminu Kano malami ne mai tafsirin Alƙur'ani, Malam Sa'adu Zungur kuma ya sha karatun addini tun yana yaro, kuma su ne suka tarbiyyantar da wannan tafiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya lissafa jangali da karɓar gaisuwa cikin ayyukan zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Saboda haka idan Balarabe ya ce dukiyar ƙasa ta jama'a ce, bai halatta wasu 'yan tsiraru su mallake ta ba, mu abin da muke ji shi ne hani ga zalunci da cin haƙƙin marayu da miskinai, wanda kullum ake karanta mana a masallaci. Shi ya yi karatun boko mai zurfi a fannin akanta, ya karanta littattafan masana gurguzu, yana kuma faɗin sunan aƙidarsa a fili ba tare da kwana-kwana ba, amma bai taɓa ce wa kowa ya bar salla ba, shi ma bai bari ba.

Malamin Tarihi ya amsa:

Baba ya kawo tushen maganar, ni kuma zan ɗora da abin da ya faru a majalisa, domin a nan ne amsar tambayarki ta farko take, ƙanwata.

An haifi Balarabe Musa a garin Kaya da ke ƙasar Zazzau ranar 21 ga Agusta, 1936, ya yi makarantar Midil ta Zariya, ya yi aikin malanta da na akanta, kuma tun yana matashi ya shiga NEPU. A zaɓen gwamna na 1979 ya tsaya a PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na jam'iyyar NPN, da taimakon magoya bayan sauran jam'iyyun da ba sa son NPN ta kama Kaduna, wadda ita ce tsohuwar hedikwatar Jihar Arewa. Sai dai a majalisar dokoki mai kujeru 99, NPN ce ta kwashe fiye da 60, PRP kuwa ba ta da ko kusa da haka. Wannan ne karon farko da Najeriya ta gwada tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, inda ake zaɓen gwamna daban, 'yan majalisa daban, don haka aka wayi gari gwamna yana wata jam'iyya, majalisar da za ta amince da kasafinsa da kwamishinoninsa tana hannun abokan hamayyarsa.

Tsarin mulkin 1979 ya ce sai majalisa ta amince kafin gwamna ya naɗa kwamishina. Balarabe ya aika sunaye, majalisa ƙarƙashin kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa ta yi watsi da su, ya sake aikawa aka sake mayar masa, haka aka yi ta yi. Shi kuma ya ƙi yarda ya raba kujerun da NPN, bisa hujjar cewa jama'a manufofin PRP suka zaɓa, kuma ba zai ɗora mutanen da suka yi yaƙin neman zaɓe a kan kishiyar waɗannan manufofi su aiwatar da su ba. Sakamakon haka ya mulki jihar tun daga 1 ga Oktoba, 1979 har zuwa 23 ga Yuni, 1981 ba tare da kwamishina ko ɗaya ba, yana aiki da manyan sakatarori da masu ba shi shawara, cikinsu har da Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin jiha.

Yana da kyau a lura da cewa tsigewa a wancan tsarin mulki hukunci ne na siyasa. Sashe na 170 ya bar wa majalisa ita kaɗai ta fassara abin da take ganin babban laifi ne, sannan ya hana kotu sa baki. Tuhume-tuhumen da aka yi masa sun ta'allaƙa ne a kan yadda ya yi amfani da ikonsa, wato kashe kuɗi da naɗe-naɗe da kafa hukumomi ba yadda majalisa take so ba. Da ya garzaya kotu, alƙalai suka ce hannunsu a ɗaure yake saboda wancan sashe. Sai bayan shekara 25, a shari'ar Gwamna Rashidi Ladoja na Jihar Oyo a 2006, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa kotu tana da hurumin duba ko majalisa ta bi ƙa'ida wajen tsige gwamna, har aka mayar da Ladoja kan kujerarsa. Balarabe bai samu wannan dama ba. Mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ne ya ƙarasa wa'adin.

Abin da ya wanke shi a idon jama'a ya zo ne bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983. Sojoji sun tsare 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu, sun kafa kotunan musamman, an yanke wa gwamnoni da dama ɗaurin shekaru masu yawa saboda dukiyar jama'a. Shi ma an tsare shi, an bincike shi, amma ba a same shi da satar ko kwabo ba. Mutumin da ya riƙe baitulmalin jiha ba tare da majalisar zartarwa ba, abokan gabarsa suna neman abin da za su kama shi da shi ido rufe, sannan sojoji suka zo suka sake tonawa ba su samu komai ba, dole jama'a su riƙe sunansa.

Uwargida daga Tudun Wada ta amsa:

Ina gaida Baba da Malam. Ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kuka faɗa ba, kuma ina cikin masu yi wa marigayin addu'a. Amma tambaya ta uku da wannan yarinya ta yi tana da nauyi, kuma bai kamata ƙaunar da muke yi masa ta sa mu tsallake ta ba.

Gwamnatinsa ta ɗauko shirin kafa masana'anta a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 14 na jihar, gwargwadon abin da kowane yanki yake nomawa ko yake da shi, kamar kamfanin sarrafa tumatir na Ikara da na citta a Kachia. Wannan tunani ne mai kyau ƙwarai, domin manomin tumatir da ke zubar da kwandunansa a bakin titi idan kasuwa ta cika shi ya san amfanin irin wannan kamfani. Ta kuma kafa kwamitin binciken filaye don sauraron koken manoman da aka ƙwace wa gonaki. To, irin waɗannan ayyuka suna bukatar shekaru kafin su kafu, shi kuwa bai cika shekara biyu ba. Ina ganin halas ne mutum ya tambaya ko kujerun kwamishina uku ko huɗu sun kai a sadaukar da sauran wa'adin saboda su.

Abu na biyu da ya fi yi mini ciwo shi ne rabuwar PRP. Balarabe da Rimi sun riƙa halartar taron gwamnonin da ke kiran kansu masu ra'ayin ci gaba, tare da na jam'iyyun UPN da GNPP, uwar jam'iyya kuma ta hana. Daga nan aka dare gida biyu, 'yan Santsi suna bayan gwamnonin da tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu, 'yan Taɓo suna bayan jagoran jam'iyyar, Malam Aminu Kano. Na ga gidajen da wa da ƙani suka daina gaisawa saboda wannan. Lokacin da majalisa ta taso masa a 1981, jam'iyyar da ya kamata ta tsaya masa da murya ɗaya tana faɗa da kanta. Makonni kaɗan bayan tsige shi, ranar 10 ga Yuli, 1981, aka yi tarzoma a Kano aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, kuma a zaɓen wannan shekarar Lawal Kaita da NPN suka karɓi Kaduna. Ba na ɗora wa Balarabe shi kaɗai alhakin wannan, amma yana cikin manyan da rikicin ya gudana a hannunsu, kuma talakawan da suka sha wuya tun zamanin NEPU su ne suka yi asara.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa ya amsa:

Hajiya, maganarki a kan rabuwar jam'iyya gaskiya ce, kuma duk wanda ya yi PRP da zuciya ɗaya yana jin zafinta har yau. Amma a kan batun kwamishinoni ina da ja, cikin girmamawa.

Waɗanda suka riƙe majalisa ba kujera uku ko huɗu ce damuwarsu ba. Ba su taɓa haɗiye faɗuwar da suka yi a zaɓen gwamna ba, kuma abubuwan da suka fi tsone musu ido su ne ainihin waɗanda kika yaba, wato binciken filaye da rage ikon masu riƙe da talaka ta hanyar haraji. Da ya ba su ma'aikatar kuɗi ko ta ƙananan hukumomi ko ta filaye, da wannan binciken ne zai fara mutuwa. Zai cika shekara huɗu, amma gwamnatin da za ta cika shekarun ba ita ce wadda aka zaɓa ba. Mun ga gwamnoni da yawa bayansa da suka zauna lafiya da majalisunsu ta hanyar raba musu kwangila da motoci, suka yi shekara takwas cur, kuma a yau ko sunan wasunsu sai an yi tunani kafin a tuna.

Ni abin da nake so ƙanwarmu mai tambaya ta duba shi ne shekaru 39 da ya yi bayan barin mulki, domin a nan ake gane wanda aƙida ta zauna masa. Ya koma gonarsa da gidansa a Kaduna. Jam'iyyu masu mulki sun zo sun wuce, abokan tafiyarsa da yawa sun shiga cikinsu sun samu muƙamai, shi kuwa ya zauna a PRP lokacin da ba ta da gwamna, ba ta da kuɗi, ofishinta ma da ƙyar ake biyan haya. Da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, yana cikin 'yan Arewa da suka fito fili suka ce an zalunci Abiola, ɗan takarar shugaban ƙasa da aka yi imanin shi ya ci zaɓen, a lokacin da faɗin haka a Kaduna ba abu ne mai sauƙi ba. Mu ma'aikata mun san shi a kan adawa da sayar da kamfanonin gwamnati ga 'yan kasuwa da kuma ƙarin kuɗin man fetur, kuma da masaƙun Kaduna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka koma gida babu aiki babu haƙƙin sallama, sai maganar da ya daɗe yana yi game da gwamnati ta janye hannunta daga masana'antu ta zama abin da muke gani a tukunyar gidajenmu. Duk ɗan jaridar da ya je ƙofarsa zai same shi, ya kuma faɗi abin da ke ransa ko wane ne a kan mulki, soja ko farar hula, ɗan Arewa ko ɗan Kudu.

Akwai kuma wani aiki nasa da matasa suke cin moriyarsa ba tare da sun sani ba. Lokacin dawowar mulkin farar hula a 1999, jam'iyyu uku kacal ke da rajista, hukumar zaɓe ta INEC kuma ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri da suka sa ƙananan jam'iyyu ba za su iya shiga ba. Balarabe da wasu shugabannin jam'iyyu, tare da lauya Gani Fawehinmi, suka kai ƙara, kuma a watan Nuwamba na 2002 Kotun Ƙoli ta soke yawancin sharuɗɗan, ta ce hukumar ba ta da ikon ƙara wani abu a kan abin da tsarin mulki ya tanada. Sunan Balarabe Musa ne a kan wannan shari'a a littattafan lauyoyi. Hukuncin ne ya buɗe ƙofa PRP ta dawo kan takardar ƙuri'a, shi kansa ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003 yana sane da cewa ba shi da kuɗin da zai kara da manyan jam'iyyu, don dai a ji cewa akwai wata hanyar ban da jari-hujja. Ya kuma shugabanci gamayyar jam'iyyun siyasa ta CNPP na tsawon shekaru.

Bai sauka daga shugabancin PRP ba sai a 2018, yana da shekara 82, lokacin da rashin lafiya ya ci ƙarfinsa, Alhaji Falalu Bello ya karɓe shi. Ko bayan haka bai daina karɓar 'yan jarida a gidansa yana magana a kan tsadar rayuwa da rashin tsaro ba, har zuwa shekarar da ya rasu. Allah ya jiƙansa da rahama, ya gafarta masa kurakuransa.

Ɗalibar Samaru ta sake rubutawa:

Amin summa amin. Na gode, Baba, Malam, Hajiya da Yaya, Allah ya saka da alheri. Saɓanin da ke tsakanin Hajiya da Yaya a kan batun kwamishinoni shi ne zan ɗauka in faɗaɗa bincike a kansa. Baba, ina da ƙarin roƙo gare ka: na ji an ce gwamnatocin soja da suka zo bayan 1983 sun dawo da haraji a jihohin Arewa. Idan ka samu sarari, ina so ka ba mu labarin yadda mutanen karkarar Funtua suka karɓi dawowarsa, bayan sun ɗanɗana 'yan shekaru babu shi.